Malam Ɗahiru da Rabin Allo

Duk wanda ya ce maka katangar gabas ta Silimar Zakara salon ginin Turawa ce, ka ce masa Ishaku mai yaga tikiti ya ce ƙarya ne. A ƙofar nan na yi furfura, na san abin da ya sa katangar ta yi hawa-hawa kamar matakala. Malam Ɗahiru mai wankin hula ne sanadi.

Silimar kam gini ce ta gani ta faɗa. Wani ɗan Labanan ne ya gina ta a Tudun Wada tun zamanin Turawa, da ginshiƙai masu kauri, da ƙofa mai bakan gizo, da zakaran siminti a can ƙololuwa. Rufi kuwa sai kujerun baya na manya. 'Yan bencin gaba sararin Allah ne rufinsu, in ruwa ya sauko su sha kallo su sha wanka.

Shagon Malam Ɗahiru yana jikin katangar, a saman soronsa yake shanya huluna. Wata rana ya hau kwashe shanya bayan magariba, sai ga allon kallo ɓaro-ɓaro a gabansa, kyauta. Mai silima ya ji labari ya ƙara bulo. Malam Ɗahiru ya hau da benci. Aka ƙara bulo, ya ɗora turmi a kan bencin. Duk inda ya matsa, magina su bi shi. Da mai silima ya gaji, turmi kuma ya fara rawa, sai rigimar ta tsaya a nan: rabin allo na sama na Malam Ɗahiru, na ƙasa na masu tikiti. Malam Ɗahiru kuma ya rantse ƙafarsa ba za ta taka ƙofata ba.

To, mutumin da bai taɓa ganin ƙafar ɗan wasa ba, sai ya fi kowa baki. Da safe yana dirzar hula yana yi mana bayani. Mugu da hula yake gane shi. "Dubi rawaninsa, bai san sabulu ba, ina zai yi imani?" A silimarsa kuma ba a mutuwa. In aka harbi mutum ya faɗi, sai ya ce ya sunkuya ne.

Akwai wani tsohon fim ɗin Indiya da muke yawan maimaitawa, shi ne ransa. A ƙarshensa jarumin yakan sulale ƙasa, matarsa ta duƙar da kai tana waƙa tana hawaye.

"Malam Ɗahiru, mutuwa fa ya yi," na sha gaya masa.

"Kai Ishaku, ka cika baƙin labari. Hularsa ce ta faɗi, ya duƙa ɗauka."

"To kukan me take yi?"

"Albasa take yanka masa. Ba ka ga idonta a ƙasa ba?"

Wallahi har zazzaɓi gardamar nan ta taɓa sa ni.

Shekarar da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, kaset ɗin bidiyo ya riga ya kwashe mana 'yan kallo. Sabon kansila, Alhaji Bello, ya sayi ginin zai mai da shi rumbun taki. Ya ce a yi kallon bankwana, ƙofa a buɗe. Na zaɓi fim ɗin nan da gangan, na je na sami mutumina.

"Rantsuwarka da mai silima ka yi, shi kuwa ya tafi. Zo ka ga albasar da idonka."

Ya zo, cikin babbar riga da hular da ta sha guga. Ya shafa ginshiƙi, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizo, ya ce ashe maƙwabcinsa kyakkyawa ne ta gaba. Da aka fara, sai surutu. "La ilaha! Ashe duk suna da takalma! Wannan dokin tun yaushe yake nan?" Mutane suna ta dariya, ni ma ina yi, ina jiran nasarata.

Aka zo ƙarshe. Jarumin ya sulale, wannan karon Malam Ɗahiru ya bi shi da ido har ƙasa. Ga shi kwance a cinyar matarsa, jini ya jiƙa riga, babu albasa ko ɗaya. Na juya zan ce "na gaya maka", sai na ga fuskarsa. Tausayinsa ya kama ni, na ji haushin kaina.

A hankali ya cire hularsa, ya miƙa hannu ya tare rabin allon na ƙasa da ita, yana kallo ta samanta har waƙar ta ƙare.

Muna fita ya mai da hular kansa.

"Naku ne ya mutu, Ishaku," ya ce. "Nawa yana neman hularsa."