Jatau, Ka Bar Mu da Ƙwai Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 1985, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Jatau Mai-Gauraki a gidansa na bakin gari, nan Talata Mafara, bayan ɗan gajeren zazzaɓi. Ina cikin feɗe akuya labarin ya iske ni. Na ajiye wuƙa, na rasa inda zan sa hannuna, kuma har yau zama bai karɓe ni ba.

Ni mahauci ne, a aji huɗu boko ya sallame ni, ko kuwa ni na sallame shi, har yanzu ana gardama. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa, don wanda ya saba gyara mani shi muka rufe.

Jatau, ka yi shekaru kana aiki a gidan ajiye namun daji can Jos, ka dawo gida Maradun daidai lokacin da ruwan madatsar Bakolori ya fara cin gonaki. Kowa na ta kwashe rumbu da tabarmi, ana kuka, ana jayayya da hukuma, kai kuwa ka ari kwalekwale kana bin kawunan itatuwa kana tsamo kunkuru da guza da bushiya. An ce ka taɓu. Ni ma na faɗa, da ƙarfi ma, ranar da, bayan ka tare da su nan Mafara, ka zo rumfata neman ragowar kayan ciki ka ce wa kadanka za ka kai. Na ce ni 'ya'ya bakwai gare ni, ban taɓa ganin wanda ya ƙara wa kansa kada ba. Ka yi dariya ka ce in zo in gani. Na zo don in samu abin ba da labari a kasuwa, sai ga shi na kusa zama ɗan gida.

Ni idan na dubi dabba, tsire nawa za ta yi nake gani. Kai kuwa ka mayar da sikelina na auna kunkuru, kana ɗaura wa tsuntsaye zobe a ƙafa don ka san ina suke zuwa, su wa ke dawowa. Wanda ya warke ka kai shi daji ka saki, ka dawo kana fara'a kamar ka aurar da ɗiya. Ranar Alhamis 'yan makaranta daga Bakura da Damri sukan cika gidan, kana ɗora masu mesa a kafaɗa kana nuna masu ɓerayen da take raba manomi da su. Sakamakon karatunka yana gidana: yanzu ko gafiya na ɗaga wa sanda, sai ɗiyata Lami ta tsare ni da tambayoyi kamar alƙali. Ban yafe maka wannan ba, amma na gode.

Sai gauraki. Dattawa sun san yadda suke cika fadamar Bakura da rawa da kuka. Da motoci suka baje ƙasa don noman rani, masu kama 'ya'yansu kuma suka yi ta kai wa gidajen masu hali, sai aka wayi gari yaro bai san gauraka ba sai a hoto. Biyu ka samu, ka haƙa masu tafki, ka dasa ciyawa, ka kewaye da zana. Shekara da shekaru suna cin dawarka ba su saka maka da komai ba, ina yi maka ba'a cewa ko dai duka maza ne. Bana da damina ta zauna suka yi sheƙa, suka saka ƙwai biyu. Ka zo rumfata ba takalmi ka gaya mani. Ka ce kwancin karɓa-karɓa suke yi, wannan ya tashi wancan ya kwanta, in aka ɗauke ɗaya ƙwan sun mutu. Ka ce in 'ya'yan suka yi fiffike, fadama za ka mayar da su. Ka tafi ba ka ga ƙyanƙyasa ba.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Bayan sadakar uku aka zauna a zaure kan abin da ka bari. Yayanka Baffa Mamuda, da kyakkyawar niyya, ya ce raba tsuntsaye ai ba wuya: namijin ga ɗanka Audu, macen ga ɗiyarka Saude. Audu ya ce dama akwai wani Alhaji a Gusau da ke son ɗaya ya ƙawata gidansa. Na ce to, a tashi a nuna mani namijin. Aka leƙa ta zana, aka dubi wannan, aka dubi wancan, tukku iri ɗaya, ƙafa iri ɗaya. Aka yi dariya, amma dariya ba ta kashe magana ba. Baffa ya ce ko wanne aka kama ai gauraka ne, kuma yaushe mahauci ya zama mai ceton tsuntsu. Gado ba nawa ba ne.

Sai muryar matarka Marka ta fito daga bayan labule.

"Yaya, ni ba mai fid da ni gidan ga sai na gama takaba. Su ma nan suka rasa maigida. A bar mu tare."

Audu ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, yadda kika ce." Baffa ya yi gyaran murya ya shafa fatiha.

Wata huɗu da kwana goma, Jatau. In Allah ya so ya isa ƙwai su fashe, 'ya'ya su yi fiffike. Ko za su fashe, ban sani ba. Ina yanka hankalina yana can, jiya har na ba wata tsohuwa hanta a madadin huhu. Da yamma kuma ga ni, mai furfura, uban bakwai, ina tsalle a gonar gero ina kama wa gauraki fara, yara suna yi mani kirari. Ka jawo mani, kuma ba ka nan balle in rama.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa tausayin da ka nuna wa marasa baki ya zama haske a kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Marka, da Audu, da Saude, da Baffa Mamuda, da mutanen Maradun da Mafara baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan. Wanda ya zo gaisuwa kuma, don Allah ya rage murya a wajen zana. Akwai masu kwanci.

Ɗantani Mahauci,
Talata Mafara.