Tabon Asama'u

A ƙauyensu da ke bayan Minjibir, in ka ce Tahira ba kowa zai gane ba, sai ka ce mai hoto. Ita ce auta a gidan Malam Abdulƙadir. Ta gama sakandare da burin tafiya Kano ta koyi ɗaukar hoto, har wanta Ikrima, da ke tuƙa adaidaita sahu a birni, ya samo mata wani shago mai karɓar mata. Saura sati biyu ta tafi, mahaifiyarta ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Yayyenta mata duk suna gidan miji. Ba wanda ya ce da Tahira ta zauna, ba kuma wanda ya sake ta da zancen Kano.

Don ya sanyaya mata rai, Ikrima ya aiko mata da waya mai kyamara mai kyau. Da ita ta fara ɗaukar bikin 'yar maƙwabtansu. Maza masu hoto a zaure suke tsayawa, ita kuwa har ƙuryar ɗakin amarya take shiga, ranar lalle da ranar kamu. Kafin damina biyu ana kiranta har ƙauyukan Gezawa. Sai dai ba ta yin nisa. Sai ta yi wa Inna wanka ta ba ta koko kafin ta fita, kuma dole la'asar ta yi mata a gida don ta juya ta.

Gyaran hoto ne ya ɗaga sunanta. Ta koyi yadda ake goge ƙuraje a waya, a haska fata, a siranta hanci. Da farko kaɗan take taɓawa, sai amare suka riƙa cewa a ƙara. Sau ɗaya ta gwada barin wata amarya yadda Allah ya yi ta, don hasken hantsi ya sauko mata da kyau a gindin darbejiya. Amaryar ta sa kuka, ƙawayenta suka baza cewa hannun Tahira ya lalace. Daga ranar ba ta kuma ba.

Ana nan aka zo bikin Asama'u, 'yar Kulu mai ƙuli-ƙuli. Asama'u baƙa ce mai yawan dariya, da tabon ƙuna a gefen haɓa, wanda ta samu a kaskon uwarta tun tana rarrafe. Tahira ta kama ta tana tsaka da dariya, hoton ya fito fiye da yadda ta zata. Ta ce mata tabon bai ɓata komai ba, amma Asama'u ta dage a cire, a kuma haska ta, wai dangin miji 'yan birni ne, a waya za su fara ganinta. Tahira ta yi mata yadda take so. Aka wanke hoton a Minjibir, aka sa shi a gilashi.

Shekara na zagayowa Asama'u ta rasu wajen haihuwa, ta bar 'ya mace. Bayan an yi arba'in, wata safiya Tahira na shanya zannuwan Inna sai ga Kulu, da hoton nannaɗe a mayafi. Suka gaisa, ta yi wa Inna sannu, sannan ta kwance shi.

"'Yar nan, na duba har na gaji, ban ga Asama'una a nan ba. Ki ba ni wanda kika ɗauka kafin ki taɓa. Shi zan nuna wa 'yarta in ta girma."

Tahira ta san lokacin bukukuwan kaka wayar ta cika, ta goge na asali ta bar gyararru, tunda su mutane ke nema. Duk da haka ta zauna ta bincike wayar kaf a gaban Kulu. Ta aika wa ƙawayen amarya, ta aika wa mijin. Kowa gyararren ne a hannunsa, sai wasu da aka ɗauka daga nesa, fuskar a lulluɓe.

Kwana biyu ta yi tana ƙoƙarin maido da abin da ta cire. Ta rage hasken fatar, ta zana tabon yadda take iya tunawa, ta kai wa Kulu. Tsohuwar ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta miƙo mata.

"Ba nan yake ba. Ya fi haka sama. Allah ya yi miki albarka."

Da Tahira ta koma gida ta ce wa Inna ta bar hoto ke nan. Inna, da bakinta da ya karkace, ta tambaye ta to me za ta zauna yi a gidan. Ban da biki kuwa ba abin da ke fitar da Tahira ƙofar gida. Ranar Asabar ta ɗauki wayarta ta tafi kamun wata Ramlat, ta yi aikin yadda aka saba.

Duk ranar kasuwa Kulu na wucewa ta ƙofar gidansu da jaririyar a goye. Suna gaisawa, ba ta ƙara ta da maganar ba. Tahira kan amsa gaisuwar ta tambayi lafiyar yarinyar, amma har yau ba ta taɓa cewa a sauko mata da ita ba.