Dinyar Marka da Gonar Aro

A shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi, ina noman shinkafa a wata gonar aro a fadamar Zauro. Gonar ta wani Alhaji ce mazaunin Birnin Kebbi. Ubana ya noma ta kafin ni, ni ma na daɗe ina nomanta, kuma ita ke ciyar da gidana. In ban da ita, ba ni da komai sai ɗan tudun gero da ba ya kai mu tsakiyar rani.

A gidana akwai ɗan wana marigayi, wanda na riƙa tun yana ƙarami. A lokacin ya kusa shekara ashirin. Ya gaji adakar ubansa, bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki, ya kuma gaji hannunsa. In an yanke shinkafa, tsuntsayen ruwa suka cika tafkuna, sai ya fita da jirgi da sassafe, ya dawo da dinya ɗaya ko kirinjijiya uku. Bai taɓa harbin abin da ya fi ƙarfin tukunyarmu da ta maƙwabta ba.

Wata shekara aka tara matasan maharba a Argungu. Ya je, ya dawo da lasin da takardar dokoki da aka buga da Hausa. Ya ce malamin daji ne ya yi musu bayani, sarkin baka na zaune kusa da shi yana gyaɗa kai, don babu abin da aka faɗa wanda tsofaffi ba su faɗa ba tun da. Ba a harbi daga faɗuwar ruwa har a yanke shinkafa. Ba a taɓa uwa mai 'ya'ya. Ba a zuba guba a tsaba. A ƙarshe kowa ya ɗaga hannu ya amsa. Shi allo kawai ya yi, ni kuwa na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, saboda haka ni na karanta masa takardar, da yatsa, sai da muka yi zama uku kafin mu kai ƙarshenta.

Ana tsakiyar marka, ruwa ya haye fadama, Alhaji ya aiko in zo. Na same shi a zaurensa.

"Baƙi na yi," in ji shi, "manyan ma'aikata ne da suka zo da sabuwar jiha. Suna son su ɗan taɓa harbi ran Asabar. An ce ɗanka ya san makwancin dinya."

"An gama, Alhaji," na ce.

Haka muka tashi. In babba ya nemi aiki wajen ɗanka, kai ke amsawa. Ba a cewa bari in je in tambayi yaro, abin kunya ne. Ko tunanin wane wata muke ciki ban yi ba sai da na hau hanyar gida.

Na iske ɗan wana a ƙofar gida yana gyaran gorar tuƙi. Na faɗa masa. Ya aje gorar.

"Baffa, dinya na bisa ƙwai fa. Wasu ma sun ƙyanƙyashe."

"Na sani. Amma na riga na amsa."

"To kai ka amsa a Birni, ni na amsa a Argungu. Wace za mu aje?"

"Kai, ni kake yi wa lauya?"

Matata tana jinmu daga madafa, ta ɗaga murya: "Ku dai ku tuna shinkafa ake tuƙawa a gidan nan, ba takarda ba!"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "In ruwa suke son gani, in tuƙa su har magariba. Amma ba ni nuna musu sheƙa. Da bakinka ka karanta mini, Baffa."

Kwana biyu ina fushi da shi, ba na amsa gaisuwarsa sai da ka. Ni mutum ne mai jinkirin fahimta, amma in na fahimta ba na ɓoyewa. Yaron bai yi mini rashin kunya ba. Ni na ba da abin da ba nawa ba. Ran Juma'a bayan an sauko, na sayi goro, na koma wajen Alhaji in janye maganata. A shekaruna, ban taɓa yin haka ba.

Alhaji bai taɓa goron ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ke riƙon yaron, ko shi ke riƙonka?"

"Alhaji, lokacin ne bai yi ba. A bari a yanke shinkafa, ni da kaina zan riƙa musu jaka."

"Gobe muna nan tafe," in ji shi. "In ya ga mutane, zai san mutane ne."

Suka zo da hantsi a mota, Alhaji da baƙi biyu, da bindigogi masu baki biyu da takalman roba har gwiwa. Mashigin cike yake da mutane, mata masu wanki da manoma masu jiran jirgi. Ɗan wana ya tsugunna ya gaishe su yadda ya kamata. Ɗaya daga cikin baƙin, mai ƙiba da farar hula, ya ce:

"Samari, an ce kai ne gwamnan agwagi a nan."

"Ranka ya daɗe, maharbi ne kawai. Ku dawo da kaka, in kai ku inda kafaɗarku za ta gaji."

"Da kaka muna da aiki. Dokar nan da kake taƙama da ita, ka san a ofis irin namu ake rubuta ta?"

"To ranka ya daɗe, ashe kun fi ni saninta."

Da gaskiya ya faɗa, kansa a ƙasa. Amma wata tsohuwa mai wanki ta ƙyalƙyace da dariya, sauran suka ɗauka, har masu jiran jirgi. Na ga fuskar Alhaji ta sauya. Nan na san gonar nan ta fara fita daga hannuna.

Ba su rasa mai kai su ba. Wani magidanci da ba shi da bindiga, ba shi da lasin, ya ce ya san wurin. Ban ga laifinsa sosai ba, yana da bakuna a gida. Muna cikin shinkafa muna cire ciyawa muka riƙa jin ƙarar bindiga daga hantsi har azahar. Ba irin harbin da muka saba ji ba ne, ɗaya, sai shiru, sai mutum ya je ya ɗauko abinsa ya yanka. Wannan bi da bi ne, kamar ana fasa itace. Ɗan wana bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ciyawa yake fizga har da shinkafar, ban hana shi ba.

Washegari muka shiga jirgi muka je tafkin. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe ba. Da a ce yunwa ta kawo su, da na yi shiru. Waɗanda suka faɗi kusa da jirgi kaɗai suka ɗauka. Sauran, da suka faɗa cikin ciyawar burugu inda sai an shiga ruwa har ƙirji, suka bar su. Muka same su sun kumbura, ƙudaje sun rufe su, nama mai yawa ya zama mushe. Ga sheƙa a buɗe, ƙwai sun yi sanyi, tsari ya fara fasa su. Ga 'yan tsaki suna zagaya uwarsu a ruwa, shirwa tana shawagi a sama. Mutanen da suka yi karatu har suka ƙoshi, suka zo ƙasar da ba su san sunan tafkinta ba, suka ɓata abincin shekara mai zuwa don su ji daɗin Asabar ɗaya.

Na dawo gida na nemi takarda da biro, na rubuta wa malamin daji abin da na gani. Malaminmu na aji ya gyara mini wurare biyu. Bayan kwanaki malamin dajin ya zo a kan babur. Mutumin kirki ne, ya je har tafkin, ya yi salati, ya ce zai kai maganar sama. Kafin ya tafi ya ce aikinsa ne ya duba lasin duk mai bindiga a garin. Ɗan wana ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa. A duk wannan al'amari, takardarsa kaɗai aka duba. Daga sama kuwa ba mu sake jin komai ba.

Gonar aro ba a karɓarta da shuka a ciki, don haka Alhaji ya bar ni har kaka. Shinkafar ta yi kyau a shekarar, abin da ya ƙara mini baƙin ciki. Al'adarmu, in ka yanke, sai ka kai wa mai gona buhu guda na gaisuwa. In ya karɓa, ka san baɗi ma taka ce. Ba a ce wa mutum ya bar gona da baki. Na zaɓi mafi kyawun shinkafar, na ɗora a mota, na kai har zaure, aka ce Alhaji na ciki yana hutawa. Na aje na dawo. Kwana uku bayan haka, wani direba ya sauke buhun a ƙofar gidana, ɗinkinsa ko taɓawa ba a yi ba. Matata ta leƙo ta gani, ta koma ciki.

Ɗan wana ya zo ya tsugunna gabana.

"Baffa, bari in je in ba shi haƙuri. Ko duka ne ya yi mini."

"Haƙurin me za ka ba shi? Faɗa mini laifin, in raka ka."

Na nuna masa buhun.

"To tashi ka kai buhun nan ɗaki kafin kaji su huda shi."

Surukina na Ambursa ya yanka mana wani yanki a gefen gonarsa, wuri mai kwari da ruwa ke cinyewa duk shekarar da gulbi ya cika. Mun sha tuwon dawa a shekarun da suka biyo baya, har yara suka daina tambayar shinkafa. Gonar da ubana ya noma, wani aka ba, nakan wuce ta in za ni kasuwa. Baƙin nan biyu, na tabbata ko an tambaye su yau ba za su tuna da wannan Asabar ba.