Baƙin Duro da Itacen Jego

Ni dai tun ina budurwa idona ba ya shiri da hayaƙi. In na durƙusa gaban murhu na ɗan jima, sai hawaye shaɓe-shaɓe, har maƙwabta su leƙo su ce wa ya rasu. A haka aka kai ni gidan mijina a Majidaɗi, lokacin Turawa suna nan daram, ba a ma fara zancen tafiyarsu ba.

Maigidana maƙerin gwangwani ne, iyayensa Zazzagawa. Shi ke liƙe bokiti da buta, shi ke yin mazurari da fitilar aci-balbal. Amma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In ba aikin kowa a gabansa, sai ya ƙirƙiro wanda ba wanda ya sa shi. Ya taɓa yi wa kajina ƙofar akurki mai rufe kanta, ta datse wa zakara jela, muka yi ta dariya har cikina ya ƙulle. Haka yake, yana aiki yana ta yin fito da bakinsa, ni kuwa ina tsokanarsa.

Wata rana aka kira shi gidan wani Bature ya liƙe tankin ruwa. Ya dawo bai ko zauna cin abinci ba, ya ce, "Ke, yau na ga abu. Ruwa mai zafi, ba wuta ba itace." Na ce, "To, Malam, aljanu ke dafa masa?" Ya ce rana ce. Na ce Allah ya ba shi lafiya.

Ashe da gaske yake. Ya samo tsohon duron kananzir, ya wanke shi da toka har warin ya fita, ya shafe shi da kwalta ya yi baƙi wuluk. Ya kafa rumfa a bayan ɗakina inda rana ke yini, ya shimfiɗa kwano a kai, ya kwantar da duron, ya huda gindinsa ya liƙa ɗan famfo. Da safe ya hau tsani ya cika shi da ruwan rijiya. Bayan la'asar ya kira ni ya ce in tara hannu. Na tara da raini. Wallahi sai da na janye da sauri ina yarfewa, shi kuma ya tsaya yana washe baki.

Kai, na ji daɗin duron nan! Kwanukan miya masu maiƙo, cuɗa ɗaya sun fita. Ɗana na fari, wanda sai an yi kokawa kafin a yi masa wanka, ya koma shi ke jawo ni. Da yamma in yi wanka da ruwan ɗumi ban hura wuta ba, idona garau. Matan unguwa suka riƙa zuwa da ƙwarya, wai a sam musu ruwan rana.

Ba wai ba shi da nasa halin ba. Da asuba, lokacin da ake fi son ruwan zafi, shi ya huce sarai. Ranar da hadari ya rufe, ko ɗumin kirki ba ya yi. Cika shi kuma aiki ne, sai namiji. Wani malami maƙwabcinmu ya zo ya ce ruwan da rana ta dafa a cikin ƙarfe ba a son alwala da shi, yana ɓata fata. Maigidana bai yi musu ba, ya ce alwala daga randa za mu riƙa yi, aka rabu lafiya.

Sai na sami ciki na biyu. Haihuwar fari a gidanmu na yi ta, a Sunkani, kamar yadda aka saba. Ta biyu a ɗakina za a yi, wankan jego kuwa itacensa yana wuyan miji. Wanda bai san abin ba, ga yadda yake: har a yi arba'in, safe da yamma, ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego, don kada sanyi ya shige ta. Itace yake ci ba na wasa ba. Tun ciki na tsufa miji ke tara shi a tsakar gida, kuma duk macen da ta shigo barka, kafin ta dubi jariri ta riga ta dubi tarin nan da gefen ido. Da shi ake auna yadda miji ya ɗauki matarsa.

Maigidana ya yi nasa tunanin. Ya ce ruwan da ya riga ya yi zafi a duro, wuta kaɗan zai sha ya tafasa, don haka ba sai an tara dutsen itace ba. Ya tara daidai gwargwado. Ba rowa ba ce, Allah ya sani, don kayan kunun kanwa da nama ya saye su har sun yi yawa. Shi dai yana so a gani da ido cewa abin da ya ƙera yana aiki. Ni ma na ga maganarsa ta hau hanya.

Abin da ba mu lura da shi ba, haihuwar za ta faɗo a tsakiyar damina. Na sauka lafiya, na sami 'ya mace, sama kuwa ta ɓalle da marka. Ruwa yaf-yaf-yaf ba ɗaukewa, duwatsun bayan gari ma ba a ganinsu. Duro yana can kan rumfa, ruwan cikinsa sanyi ƙalau.

Goggo, yayar babana, ita ta zo daga Sunkani yi mini wanka. Bafulatana ce siririya, Hausarta a karye, amma in ta yi faɗa ba wanda ke neman tafinta. Tana shigowa ta dubi itacen, ta dube ni, ta ce, "Ina sauran?" Na nuna mata duro na fara bayani. Ta saurara har na gama, ta ce, "Uhm."

Kafin ranar suna busasshen itace ya ƙare. Maigidana ya shiga ruwa ya zaga gari, abin da ya samo duk jiƙaƙƙe ne, sai hayaƙi da tsuwa. Ranar suna da safe maza sun cika zaure, Goggo tana ta fama da wuta tun asuba, ruwa ya ƙi tafasa. Sai ta jefar da mafici, ta je ta tsaya a jikin bangon zaure ta ciki, inda kowa zai ji ta, ta ɗaga murya.

"Ku tambayar mini mai gidan nan! 'Yar mutane muka ba shi ko ƙadangaruwa, da zai ce rana ce za ta gasa ta?"

Mazan da ke zaure duk sun ji. Sai wani ya kasa riƙewa ya tuntsire da dariya, wasu suka bi. Ina kwance a ɗaki ina ji, na so ƙasa ta tsage in shige.

Mutanen unguwarmu masu kirki ne, kuma kirkin nasu ne ya ƙarasa shi. Kafin hantsi kowane gida ya aiko da ɗaurin busasshen itace. Ana ta shigowa da shi ta cikin zaure, ta gaban baƙi, ana ajiyewa, shi kuma yana tsaye yana cewa an gode, an gode, bai ɗaga kai ba. Magidanci mai sana'a a hannu, a yi masa karo-karon itacen jegon matarsa.

Bayan suna ƙafafuna suka ɗan kumbura. Goggo ta ce ga shi nan, sanyi ya shiga. Na ce mata, "Goggo, ai a haihuwar fari ma sun kumbura, kuma ke kika yi mini wankan." Ta ce mai jego ba ta da baki. Ta ɗaure kayana, ranar da ruwa ya ɗan tsagaita aka ɗauke ni zuwa Sunkani in ƙarasa arba'in a can. Maigidana ya durƙusa ya ce, "Goggo, a yi haƙuri." Ta ce ba da ita zai yi ba, ya je ya ba rana haƙuri.

Da na dawo, rumfa tana nan, amma ba komai a kanta. Ya sauke duron ya yanka shi biyu, ya ƙone kwaltar, ya ɗora rabi a kan duwatsun murhu. A ciki aka tafasa mini ruwan duk haihuwar da na yi bayan nan. Kowane ciki kuwa, tun bai fito ba, itace ya kai tsayin katanga, har mata suna cewa na yi dacen miji.

Ni na san abin da na rasa. Ruwan ɗumi ƙaramin abu ne a ciki, ko da yake na koma gaban hayaƙi, ga idanun nan yadda suka ƙare. Mutumin ne ya canza. Bokiti in an kawo ya liƙe, fitila in an ce ya yi ya yi, shi ke nan. Ban sake jin fitonsa a bakin aiki ba, bai kuma sake kirana in zo in ga wani abu ba. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi, kuma ban san wa zan ɗora wa ba. Goggo tsoro ta ji kada in mutu a hannunta. Maƙwabta alheri suka yi.

Shekaru sun ja, yara sun girma, Goggo ta rasu. Wata rana da bazara, rana tana dukan kwano har yana ƙara, na same shi a rumfarsa ta aiki shi kaɗai. Na zauna na ce, "Malam, dubi ranar nan tana zuba a banza. Da ka samo wani duro ka mayar mana. Ni fa ban taɓa ganin laifinsa ba."

Ya daɗe yana goge bakin wata buta. Na ɗauka zai yi murmushi. Sai ya ɗago ya dube ni a tsanake, ya ce, "Itacen ne bai ishe ki ba? Gobe sai in ƙaro."