Rabin Buhun Irin Dankali

Saura Ɗaya ake ce masa, kuma a bakin ƙofar bas ya samo sunan tun yana matashin kwandasta. Mota za ta cika maƙil, wani na numfashi a ƙeyar wani, shi kuwa yana maƙale a ƙofa yana ƙwala kira, "Saura ɗaya! Saura ɗaya!" Da ya zama direba sai sunan ya bi shi bayan sitiyari, halin ma ya bi shi. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana jan bas ɗin cikin gari, daga asibiti zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa tashar jirgin ƙasa, bai taɓa iya wuce mai ɗaga hannu a bakin titi ba. Ba kwaɗayi ba ne, don motar ta kamfani ce, ko ta cika ko ta tafi wayam duk ɗaya ne gare shi. Zuciyarsa ce kawai ba ta da birki.

Haka gidansa ma yake. Ɗaki uku ne a hawa na biyu, amma da wuya gari ya waye ba wani baƙo a miƙe a kan doguwar kujerar falo. Yau ɗan ƙanwar abokinsa ne ya zo neman aiki, gobe wani tsoho ne da ya ɓace a hanyar asibiti. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ta koma ƙara ruwa a tukunya tun kafin ya shigo.

Gwiwar hagu ce ta sauke shi daga mota, yawan taka kulocin mota ya cinye ta. Ya dawo gida da agogon bango da kamfani ya ba shi, ya rataye, ya zauna yana kallonsa. Kafin wata ya ƙare ya gyara duk wata ƙofa mai ƙara a gidan, ya jera tukwane daga babba zuwa ƙarama, har ya fara koya wa matarsa yadda ake yanka albasa. Ran nan ta ɗauki waya ta kira autarsu, wadda ke aiki a kantin magani.

"Auta, ki zo ki nemar wa babanki abin yi, tun kafin ya koya mini tafasa ruwa."

Autar ce ta samar masa fegi a lambun unguwa. Fili ne a bayan layin dogo da hukuma ta yanka ƙanana ƙanana ta raba wa mazauna benaye, da famfo ɗaya a tsakiya, da rumfar kwano inda ake ajiye fartanya da shebur. Nasa fegin bai wuce faɗin falonsu ba. Ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu, ya ce dankalin turawa zai shuka, tunda shi ne abin da jikokinsa ba sa tura wa baya.

A kantin iri mai shago ya tambaye shi girman wurin, ya kwatanta masa. Mai shago ya ɗauko 'yar leda.

"Haba, ɗan'uwa," in ji Saura Ɗaya, "wannan ai ko kujerar gaba ba za su cika ba. Ba ni rabin buhu."

An ce masa a bar iri a wuri mai haske har ya yi tsiro kafin a binne. Sai ya bi maƙwabta yana aron kiret ɗin ƙwai, ya jera dankali a kan taga, a kan firji, a kan talabijin, har ƙarƙashin agogon kamfani. Baƙon da ke falo a lokacin sai da ya riƙa kwana a takure kamar ƙifi a gwangwani.

Ranar shuka, mai fegin da ke damansa ta zo ta tarar da shi a durƙushe. Tsohuwar ungozomar asibiti ce, kowa Sista yake ce mata, gajera mai tabarau da muryar da ta saba ba da umarni. Ta ajiye bokitinta ta leƙa ramin da ya ja. Dankali ne kafaɗa da kafaɗa.

"Direba, shuka kake yi ko lodi?"

"Shuka ce, Sista. Sannu da zuwa."

"To saurara. Kowane iri ɗaya da ka gani, uwa ce. A ƙarƙashin ƙasa za ta haihu, kuma 'ya'yan suna son wurin miƙe ƙafa. Tsakanin wannan da wannan ka bar tsawon takalminka. Tsakanin layi da layi ka bar biyunsa, ko fiye, don ka sami ƙasar da za ka ja musu a gindi idan sun taso. Zurfi kamar taƙi guda, tsiro yana kallon sama. Fegin nan layi huɗu zai ci, sha biyu sha biyu. Hamsin ta ishe ka, har da na ruɓewa."

Saura Ɗaya ya waiwaya ya dubi kiret ɗin da ya tara a gefe, sun kai masa gwiwa.

"Sauran fa?"

"Sun riga sun yi tsiro sun yi kore, ba sa ciyuwa. Ka bayar, ko ka zuba a ramin taki."

"In zubar? Suna ji suna gani an kwashi 'yan'uwansu? Ai za su matsa wa juna, Sista. Zaman haƙuri ne."

Sista ta gyara tabarau. "Na ƙarar da ƙuruciyata ina ce wa mata su ba da tazara. Ban san zan tsufa ina faɗa wa direba ba. Allah ya ba da sa'a."

Ya binne su kaf, ko ɗaya bai bari ba.

Da farko kamar shi ne mai gaskiya. Ganye ya fito ya rufe fegin ruf, kore shar, ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba. Na Sista kuwa tsilla-tsilla, ana ganin ƙasa a tsakani. Kullum da safe sai ya gaishe ta da fara'a fiye da ƙima, ya tambaye ta ko nata ba su ji daɗin barci ba ne. Ita dai sai ta ce lafiya lau, ta ci gaba da jan ƙasa da fartanya tana tara wa kowane a gindi. Da shi ma ya zo yin hakan, sai ya ga ba inda zai sa ƙafa, balle fartanya. Ya ce ba komai, ai mota idan ta cika ba a shara.

Bakinsa ne ya ja masa. Ya je tsohuwar tasharsu shan shayi, ya yi ta ba tsofaffin abokan aiki labarin gonarsa, har ya gayyace su cin dankali ranar tono. Da ganye ya bushe ya je da buhu biyu. Ya kafa shebur ya ɗaga. Abin da ya fito kamar ƙwan tantabara, wasu ma ba su kai ba, na sama-sama kuma rana ta mai da su kore. Ya matsa gaba ya sake kafawa, ya koma kusurwa ya gwada, duk kanwar ja ce. Sista ta leƙo, ta ajiye masa guda ɗaya daga cikin nata a bakin iyaka, mai girman dunƙulen hannu. Da ma ta yi magana da ya fi masa sauƙi.

A gida matarsa ta juye buhun a tire, ta ɗauki ɗaya da yatsa biyu ta ɗaga wa haske.

"Malam, idan na fere wannan me zai rage? Ga wuƙa, kai da ka iya yanka albasa."

Haka aka dafa su da ɓawonsu, aka zuba mai da gishiri da barkono. Abokai suka zo suka cika falo. Wani tsohon bakanike ya tsoma hannu ya kwaso guda biyar a loma ɗaya, ya tauna, ya ce, "Kai, 'ya'yan akwai daɗi. Yaushe za a kawo iyayen?" Aka yi ta dariya har da riƙe ciki, shi ma Saura Ɗaya ya yi, don ba mai riƙo ba ne. Amma washegari ya je ya tsaya a bakin fegin Sista ya cire hula.

"Na kawo kaina awo," ya ce.

Da lokacin shuka ya zagayo, hamsin ya je saye. Sai dai a ƙasan kwandon mai shago ya hangi wasu da kowa ya tsallake, sun yi ƙananan idanu suna kallonsa. Ya dawo gida da tamanin. Sista ta kafa turaku biyu ta ɗaura igiya, ta tsaya a kansa. Ya riƙa aza takalmi yana ajiye iri, yana aza takalmi yana ajiye iri. Sau biyu ta kama shi yana cusa wani a tsakani, ta sa ya ciro. Da aka gama, ga ragowa a kiret, ga shi tsaye yana sosa ƙeya.

Sai idonsa ya faɗa kan fegin da ke hagunsa. Ciyawa ta kai ƙugu. Na wani mai aski ne da ke da shago kusa da tasha, wanda a da yakan zo da matarsa duk yamma, ita tana shuka shi yana ba da ruwa. Bara ta rasu. Tun daga nan bai sake takowa lambun ba, shagon ma a rufe yake. Dokar wurin kuwa, fegin da aka bari ya zama daji, kwamiti kan karɓe ya ba wani.

"Direba, na ga inda kake kallo," in ji Sista. "Ba naka ba ne, kuma ba ka nemi izini ba."

"Ba karɓa zan yi ba. Rage musu hanya kawai zan yi."

Ya yi kwanaki yana nome ciyawar, yana yi yana zama a kan bokiti don gwiwa. Sista ta ce babu ruwanta, babu hannunta. Ranar shuka ita ta riƙe igiya.

Da tsiro ya kai taƙi guda, ya sa rigarsa mai kyau ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar mai aski. Mutumin da ya buɗe, gemu ya cinye masa fuska, gashin kai duk ya cukurkuɗe. Suka gaisa a tsaye.

"Na zo in gaya maka dankalinka yana neman a ja masa ƙasa."

"Wane dankali?"

"Wanda ke fegin naka."

Mai aski ya daɗe yana kallonsa. Da ya gane, sai idonsa ya kaɗa. "Wa ya aike ka? Wurin nan albasa take shukawa. Albasa kawai. Gobe zan zo in tumɓuke su duka."

"To, Allah ya kai mu. Ka zo da wuri, kafin rana ta yi zafi."

Ya zo kuwa, fuska a murtuke. Ya ɗauki fartanya a rumfa ya tsaya a bakin fegin. Saura Ɗaya ya duƙufa a nasa kamar bai gan shi ba, Sista ma ta sami abin yi a bakin famfo.

"Layin ma a karkace yake," mai aski ya ce da ƙarfi, don a ji. "Wai direba ne, ya kasa miƙe hanya."

Ya bi layin zuwa inda ya karkace. A nan ya tsaya. 'Yan albasa ne guda-guda, ragowar na marigayiya da suka sake tohowa da kansu a cikin ciyawa. Saura Ɗaya bai nome su ba. Ya kewaye su da tsakuwa, ya kauce musu da layinsa.

Mai aski ya durƙusa. Ya taɓa ganyen da yatsa, ya cire wani ɗan haki da ke kusa. Jirgin kaya ya zo ya wuce da dogon ƙugi. Can sai aka ji ƙarar fartanya, a hankali, yana jan ƙasa yana tara wa dankali a gindi. Da ya kai ƙarshen layi ya ɗago ya share fuska da hannun riga.

"Na bar su wannan karon," ya ce, "don sun riga sun taso. Baɗi kada in ga ƙafarka."

"Ko inuwata ba za ka gani ba."

Tono ya yi kyau a wannan shekarar. Kowane gindi ka ɗaga sai ka ga manya shida ko bakwai kwance kamar 'yan kyanwa. Matar Saura Ɗaya ta fere da kanta tana waƙa. A fegin mai aski kuwa sai da aka yi rigima. Shi ya ce dankalin na mai iri ne, Saura Ɗaya ya ce na mai ƙasa ne, kowa na tura wa ɗan'uwansa buhu da ƙafa. Sista ta gaji da su, ta zo ta kasa uku, ta ɗauki kashi ɗaya ta ce ladan ungozoma ne.

Yanzu mai aski ya buɗe shagonsa, amma rabin yini kawai. Da yamma yakan zo lambu da almakashi da mataji a aljihu, duk wanda ya ga sumarsa ta yi yawa sai ya zaunar da shi a kan bokiti a bakin rumfa, ko yana so ko ba ya so. Feginsa ya koma albasa daga wannan kusurwa zuwa waccan, a miƙe sambal. Saura Ɗaya bai taɓa sa ƙafa a ciki ba, kamar yadda ya yi alkawari. Daga bakin iyaka yake tsayawa da butar ban ruwa, ya miƙa hannu iyakar ƙarfinsa, duk ranar da mai aski ya makara.