Gyaɗar Aro

Har gobe ranar da masu duba asalin kaya suka zo masana'antarmu ta man gyaɗa a Birnin Kudu ba ta bar raina ba. Lokacin ni ne jami'in sayen gyaɗa.

Ga wanda bai san harkar ba, ƙasashen yankinmu sun yi yarjejeniya cewa kayan da aka sarrafa a cikinsu za su tsallaka iyaka ba haraji, amma sai an tabbatar na gida ne. Man da aka matse daga gyaɗar gonakinmu ya cancanta. Wanda aka shigo da shi daga ƙetare aka juye a jarka bai cancanta ba, ko an manna masa sunanmu. Mu kuwa tun zuwan sabon manaja juye muke yi, injin matsa har gizo-gizo ya yi masa saƙa.

Ana gab da zuwansu manaja ya ce in tafi Fagam in ɗauko gyaɗa, za a koma matsa. Na tafi da murnata. Baba Habu, dattijon da ya saba haɗa mana gyaɗar garin, ya bi gida-gida. Dillalai sun riga sun taya, amma mutane suka janye saboda maganarsa, suka ba mu.

Ranar, buhuna har rufi, inji sai ruri yake. Baƙin suka ɗauki hotuna, suka ci shinkafa da kaza. Ko ɗaya bai leƙa bayan sito ba, inda gangunan man waje suke jibge. Motarsu na fita aka kashe inji, manaja ya ce a loda gyaɗar a mayar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen Fagam kasuwa ta wuce su saboda mu."

Ya ce, "Malam Sale, aro muka yi. Ka yi musu godiya."

Haka na bi motar na koma. Da aka sauke buhunan a Fagam, Baba Habu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ashe shaida kuka zo nema. To ni da wace fuska zan sake shiga gidajen nan?"

Ku da kuke shigowa aikin sayen gyaɗa yanzu, ku sani an kafa dokar nan ne don manomi ya sami mai saye. A hannunmu ta zama kwalliyar yini ɗaya. Masana'anta ta sami takardarta, Baba Habu kuma bai ƙara haɗa wa kowa gyaɗa ba.