Alhamis Ba Ta Da Mai Ita

A zamanin Faransa, lakwal, wato makarantar boko, ba ta zama ran Alhamis. Makarantar allo ma, tun kaka da kakanni, ba a ɗaukar allo ran Alhamis. Kowa a unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Duwala, ya san wannan, ya kuma san wancan, amma ban taɓa jin wanda ya haɗa su biyun a bakinsa ba. Iyaye maza sun fita wajen goro da mahauta tun asuba. Wanda ya tuna da ɗansa sai ya ɗauka yana hannun mushe, malamin lakwal, in ba haka ba yana gaban malamin allo. Ni na yi lakwal har na taɓa kwaleji kafin aurena, na san hutun sarai, sai dai a wajenmu mata rana ce ta wanki da daka da kitso. Ban taɓa tambayar kaina abin da ɗa namiji ke yi da ita ba.

Ƙanena ya dawo hannuna bayan rasuwar mahaifiyarmu, yana da shekara goma sha uku. Maigidana fataucin goro yake yi, yakan bi jirgin ƙasa ya yi kwanaki bai dawo ba, ni kuma ba na fita sai da dalili. Don haka duk abin da na sani game da yawon yaron, a bahon wanki na san shi. Da farko yashi ne a aljihu. Sai ɗigon man sardin a gaban riga, alhali ba ma cin sardin a gidan. Sai warin taba. Wata Juma'a ina murza ƙugun gajeren wandonsa, wani abu ya tsaga mini yatsa. Na farke ɗinkin, na ga rabin reza naɗe a tsumma.

Na san inda ake raba irin wannan. Akwai samari da ke zama a gefen layin jirgi, mu muna ce musu 'yan bakin dogo. Kowace ƙabila akwai a cikinsu, Pidgin suke yi da juna. Babbansu wani dogo ne mai hular ma'aikatan jirgin ruwa. Ba ya dukan ƙananan yara, burodi da sardin yake ba su, ya shigar da su silima, sannan daga baya ya ce su leƙa masa wani shago. Gidan kaso kuwa a unguwarmu yake, ba nisa. Duk macen da ke da ɗa namiji ta san hanyarsa ko da ba ta taɓa bin ta ba.

Na nuna wa yaron rezar. Ya ce, "Ta fiƙe fensir ce, Yaya."

Na ce, "A ƙugu ake fiƙe fensir?"

Ya sunkuyar da kai. Na so in mare shi, sai na ga ƙeyarsa irin ta mahaifiyarmu ce, hannuna ya mutu.

Da maigida ya dawo ya ce a riƙa kulle shi ran Alhamis. Gidanmu na katako ne. Alhamis ta farko yaron ya ɓamɓare katako ɗaya ta bayan madafa, ya mayar da shi yadda yake, ban sani ba sai da na kai masa abinci.

A cikin wannan hali ne wani tsohon soja ya yi sallama a ƙofarmu. Na san shi da ji. Mutumin arewa ne, Hausarsa ta karkata irin ta mutanen Garwa, yana ɗingishi, yana zaune shi kaɗai a ƙarshen lungunmu inda yake gyaran keke. Baba Soja kowa ke ce masa. Na amsa ta bayan asabari, na ce maigidan ba ya nan.

Ya ce, "Na sani, 'yata. Yaron nake so ki ba ni aro. Ran Alhamis wuni guda, sauran ranaku kuma daga tashin lakwal zuwa magariba."

"Aro, Baba? Turmi ne shi?"

"Turmi ai ya fi shi zama wuri ɗaya."

"Me za ka yi da shi?"

"Keke zai kwance, ya ɗaura. In ya ɗaura in sa shi ya sake kwancewa. Akwai yara irinsa a wajena. Ni zan zo in ɗauke shi, ni zan dawo da shi bakin ƙofar nan. In zagaye ya zo kan gidanku ki aiko da kwanon tuwo, don cinsu ya fi na gara."

Na ce, "To kai mece ce ribarka?"

Ya ce, "Barcin rana. Jifar rufin ɗakina suke yi."

Wannan amsa ba ta kwanta mini ba, har yau ma ba ta kwanta ba.

Maƙwabciyarmu dillaliya ce, tsohuwa, Gwaggo nake ce mata. Ita ma tana riƙon jikanta, sa'an ƙanena, tare suke yawo. Da na ba ta labari ta ajiye ƙunshin zannuwanta ta zauna sosai.

Ta ce, "Ya zo mini ni ma, na kore shi. Ke da kika yi boko, gaya mini. Mutumin da Nasara ke ba kuɗi yana zaune, me yake sayar musu?"

"Fansho ne, Gwaggo, na yaƙin da ya yi."

"Yaƙi ya ƙare tun yaushe? Kunne yake sayarwa. Yaro zai faɗi wanda ya kwana a gidansu, da abin da ubansa ya ce a kan siyasa. Sannan kekunan nan daga ina? Ke kin taɓa ganin ana sayar da rabin keke a kanti? Ga shi gwauro, tsofai-tsofai da shi, ko kaza ba ya ajiyewa."

Ba zan ce ƙarya take yi ba. A shekarun nan duk wanda ya tara samari, ko dai na 'yan siyasa ne, ko na masu farautar 'yan siyasa. Maigidana ya je ya duba wurin, ya dawo ya ce ya tarar suna sallar la'asar a kan buhuna, tsohon na gaba. Na ji sanyi, sai ya ƙara da cewa, "Sai dai ai ɓarawo ma yana salla." Ya ce ƙanena ne, in yanke abin da na ga ya fi.

Na yi istihara, ban ga komai ba sai ruwan sama a mafarki, wanda kuwa a Duwala ba ya nufin komai. Na bar yaron ya fara zuwa.

Wankin ya canza. Baƙin mai ya maye gurbin man sardin, sabulu ba ya cire shi sai na haɗa da toka. Bayan yatsunsa duk sun ɗaye. Kullum dab da magariba sai in ji takun ɗingishi, sannan muryar tsohon: "Ga amanarki, 'yata." Ba ya tafiya sai na amsa. Ni kuwa da yaron ya zauna cin tuwo sai in fara.

"Yana tambayar ku sunayen mutane?"

"A'a."

"To me yake tambaya?"

"Wa ya ɓatar da sifana."

"Jandarma na zuwa wurin?"

"Wani na kawo kekensa faci."

"Me suke cewa?"

"Yaya, Faransanci suke yi da sauri. Ke ce mai kwaleji, ki zo ki ji."

Jandarman nan, ɗan sandan Faransa, ya hana ni barci. Ranar da zagayen tuwo ya zo kaina na cika kwano har ya yi tozo, na sa man ja da yawa, ina zubawa ina cewa, Allah Kai ne Ka san wanda nake ciyarwa.

Jikan Gwaggo kuwa ya ci gaba da zuwa bakin dogo. Shi ke kawo saƙo. Yakan tsaya a bayan madafarmu ya yi fito sau biyu, in ga kunnen ƙanena ya motsa. Wata Laraba da yamma na taɓa ƙugun wandon da ya tuɓe, na ji tauri. Sabuwar reza ce. Wannan karon bai ce fensir ba. Ya ce mai hular jirgi ya aiko, gobe akwai aiki, wanda bai zo ba a ɗaura masa zane.

Ya ce, "Sau ɗaya ne kawai, Yaya. In ban je ba ba zan iya bin hanyar lakwal ba."

Maigida ba ya gari. Washegari da hantsi aka yi fito a bayan madafa, kusan a lokaci guda kuma aka yi sallama a ƙofa. Yaron na tsaye a tsakar gida, ya kalli katakon nan da ya taɓa ɓamɓarewa, ya kalle ni. Babu wanda na yarda da shi a cikin masu kiran nan biyu. Bambancinsu ɗaya ne a wajena: ɗaya yana sallama, yana kuma dawo da abin da ya ɗauka. Na kama hannun yaron na ja shi zuwa ƙofa, na miƙa shi ta gefen asabari, na bi da rezar a cikin tsummanta.

Na ji tsohon ya warware. Ya ce, "Mai kyau ce. Za ta yanka robar faci." Sannan ya ce wa yaron, "Wuce gaba. Yau za mu yi nisa."

Bayan azahar unguwa ta rikice. Na ji ƙarar manyan motoci ta wajen layin jirgi, da usur, da gudu, ana rufe ƙofofi. Wata mai tallar gyaɗa ta faɗo gidanmu ta ɓuya, ita ta gaya mini an fasa wani shago, an sari maigadi a hannu, jandarmomi sun zagaye bakin dogo suna kwashe duk wani yaro da suka gani. Kafin la'asar na ji kukan Gwaggo ta cikin katako. An tafi da jikanta.

Na roƙi mai gyaɗar ta leƙa mini rumfar Baba Soja. Ta dawo ta ce a rufe take, babu shi, babu yara, babu ko keke ɗaya.

Na zauna a kan tabarmar salla na kasa haɗa addu'a. Duk maganar Gwaggo ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na ce shi ke nan, ya tara su ne dama don ya miƙa su gaba ɗaya, ni kuma da hannuna na ba shi, har da shaidar reza. Ruwa ya sauko, irin wanda ke cika kwata ya shigo ɗaki. Aka kira magariba, babu takun kowa. Ina cikin raka'a ta biyu na ji ɗingishin a cikin taɓo.

"Ga amanarki, 'yata. Ruwa ya tsare mu."

Yaron ya shigo jiƙe sharkaf yana dariya. Wai sun tura kekunan da suka ɗaura har ƙetaren sabuwar gadar kogin Wuri, don a gwada su a kan hanya mai kyau, wai shi bai faɗi ba ko sau ɗaya. Bai san abin da ya faru a unguwa ba. Na rungume kansa, abin da rabona da yi tun yana ƙarami, sannan na matsa jikin asabari.

Na ce, "Baba, ba ka taɓa kai su nesa ba sai yau."

"Kekunan ba su gama haɗuwa ba sai jiya."

"Ka san za a yi kame?"

Ya ce, "Alhamis ce, 'yata. Kowace Alhamis ana kama ɗan wani." Ya ja ƙafarsa ya tafi, akwai sauran yaran da zai kai.

Unguwa ta yanke hukuncinta tun kafin asuba: shi ya kai rahoto, shi ya sa ya janye nasa. Wasu iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa. Wasu kuma, saboda wannan zancen dai, suka kai nasu da kansu. Gwaggo ba ta sake shigowa gidana da ƙunshinta ba. Na aika mata da abinci, ya dawo ba a buɗe ba. Jikanta ya daɗe a tsare, da ya fito bai zauna a unguwar ba, kuma ban san ƙarshensa ba. Ina sa shi a addu'a tare da nawa.

Ƙanena ya ci gaba da zuwa har ya gama lakwal. Daga keke ya koma gyaran mota, da shi ya riƙe iyalinsa. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar tsohon. Bayan sadakar uku na tambaye shi ko ya taɓa gano gaskiyar ranar nan. Ya ce shi ma ya tambaya sau ɗaya, tsohon ya miƙa masa famfo ya ce ya ba taya iska.

Yanzu ina unguwar Bonamusadi, nan Duwala, a gidan ɗana. Jikokina tasi ke ɗaukar su zuwa ƙarin darasi bayan an tashi makaranta. Duk sabon malamin da aka samo sai na tambayi garinsu da abin da yake nema a wajen 'ya'yan mutane, surukata tana jin kunya tana ba shi haƙuri. In ya amsa, ko amsar ta gamshe ni ko ba ta gamshe ni ba, sai in sa a zuba masa abinci. Wankin yaran kuwa, ni nake ninkewa.